Kurakuran da muke yi idan hadari ya haɗo a Jidda

Wanda ya daɗe a Jidda ba zai manta da Larabar 25 ga Nuwamban 2009 ba. Ranar Tarwiyya ce, alhazai na haramar tafiya Mina, sai ruwa ya kece. Kafin la'asar kwaruruwan gabashin gari sun kwararo kan unguwar Ƙuwaiza, mutum sama da ɗari suka rasu. An maimaita a Janairun 2011, sannan a Nuwamban 2022 aka auna milimita 179 cikin awa shida. Duk da haka, a majalisunmu ba ka rasa mai cewa "ai ƙasar nan ba a ruwa."

Wannan maganar ce uwar kurakurai. Ruwan Jidda ba shi da yawa, amma a rana ɗaya yake zubo na shekara, ƙasar kuma ba ta shanyewa. Ta yiwu ma unguwarku ko yayyafi ba a yi ba, duwatsu ne suka sha ruwan suka turo muku. Saboda haka idan hukumar hasashen yanayi ta sa jan gargaɗi, saƙon Difa'ul Madani, wato hukumar kashe gobara da ceton gaggawa, ya shigo waya, a karanta, a fassara wa tsofaffin gida, a zauna. Kafili, wato wanda ya tsaya maka a ƙasar, ko mai gida ya jira.

Maƙwabtanmu 'yan Bangaladash sun fi mu sanin wannan darasi. Guguwar teku ta 1970 ta ci musu mutum aƙalla 300,000. Daga baya gwamnatinsu ta gina mafaka a bakin teku, ta haɗa kai da ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar aka horar da 'yan sa-kai masu zagaya ƙauyuka da lasifika. Da guguwar Sidr ta zo a 2007, alƙaluman hukuma ba su wuce kusan 3,500 ba. Jin gargaɗi da tashi da wuri ne suka rage asarar, ba buhunan shinkafar da ake rabawa bayan an gama binne mutane ba.

Sai direbobinmu, masu ganin ruwa ya cika nafaƙ, wato hanyar ƙarƙashin ƙasa, su ce mota babba ce, za ta wuce. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana iya ɗaga mota. A juya kawai. Idan kuma ta mutu a tsakiya, a fita tun ƙofa na buɗuwa, kada a tsaya murza makulli. Inshorar "diddal gair", mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani kawai, ba ta biyan ɓarnar ruwa a motarka. Mai shamil ma, wato cikakkiyar inshora, ya duba takardarsa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na takardu. Iƙama (katin izinin zama), fasfo, takardar haya da ta haihuwar yara, duk a ƙasan akwati a ɗakin ƙasa. Ranar da kwamitin tantance ɓarna ya zo, takarda zai tambaya, ba rantsuwa ba. A sa su a leda mai zif a ɗora can sama, a ɗauki hotonsu a waya. Kafin a kwashe laka kuma, a ɗauki hoton ɗakin yadda ruwan ya bar shi.

Lambar Difa'ul Madani 998 ce, 911 ma tana aiki a yankin Makka. A kashe babban makunnin wuta tun ruwa bai taɓa soket ba, yara kuma kada su kusanci turakun fitilar titi ko da an ɗauke ruwan.