Babi na Shida: Wutar Cek Injin da Ke Dawowa Bayan An Goge Ta

Darasi na 1: Gane wutar

Zauna a kujerar direba. Murɗa makulli, amma kada ka tayar da injin tukuna. Dubi gaban sitiyari, wurin da allurar gudu da allurar mai suke. Fitilu da yawa za su kama. Nemi guda ɗaya mai ruwan ɗorawa wadda aka zana ɗan hoton injin a jikinta. Ita ce bakanikai ke kira cek injin. Yanzu tayar da motar. Idan wannan wuta ta ƙi mutuwa, motarka tana da ƙorafi.

Idan ƙiftawa take yi, faka motar ka kira bakanike, wannan wata cuta ce daban. Babin nan na wutar da ke tsayawa cak ne, mota kuma tana tafiya lafiya lau, a goge ta yau, bayan kwana uku ko mako guda ta dawo. Direbobi da dama a ajinmu na yamma, masu jigila tsakanin Farin Gada da Bukur a yankin Jos, sun kawo mini wannan kuka, kuma sau da yawa tururin mai ne sanadi.

Fetur yana fitar da tururi ko da mota a tsaye take. An yi wa motar wani gwangwani mai gawayi a ciki, kusa da tanki a yawancin motoci, yana tara tururin, daga baya injin ya zuƙe shi ya ƙone. Kwamfutar motar kan gwada ko wannan hanya a rufe take ruf. Ko ƙofar da ba ta wuce milimita 1 ba tana iya kunna wutar. Iyakar abin da kake bukatar sani ke nan kafin mu fara.

Darasi na 2: Karanta lambar, ka rubuta ta

Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996 zuwa yau suna da wani soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba. Nan bakanike ke jona na'urarsa idan ya ce zai sa wa mota kwamfuta. Kafin ya jona, ɗauko biro da littafinka. Ka riƙe su a hannu. Kada ka bar su a gida.

Na'urar za ta nuna harafi ɗaya da lambobi huɗu, kamar haka: P0442. Fara karantawa daga hannun hagu. Waɗanda suka saba da allo da ajami, na san idonku yana rugawa dama, ba laifi ba ne, sabo ne. Ɗora yatsa a kan na farko daga hagu. Wannan harafin P ne, sanda mai tumbi a sama. Na biyu sifili ne. Ba harafin O ba ne, sifili ne. Sai huɗu, sai wani huɗun, sai biyu. Faɗa da baki: P, sifili, huɗu, huɗu, biyu. Yanzu rubuta. Ƙirga abin da ka rubuta. Biyar ne? Idan huɗu ne, ka haɗiye huɗu ɗaya, kuma nan ne kusan kowa ke tuntuɓe. Koma ka duba.

Rubuta kafin a goge. A jikin na'urar akwai wurin da ake dannawa lambar ta ɓace, wutar ta mutu, kuma hannun yaron gareji yana da sauri. Ce masa, "Ɗan ƙanena, dakata in rubuta." Idan ogan ne da kansa, ce, "Oga, a yi mini haƙuri minti ɗaya." Ba wanda zai hana ka. Rubuta lambar, ka rubuta kwanan wata a gefenta. Sannan a goge.

Me ya sa nake nanata wannan? Saboda lambobin 'yan gida ɗaya ne, amma kowace da maganarta. P0455 tana cewa yoyon tururin babba ne. P0442 ƙarami ne. P0456 ƙanƙani ne ƙwarai, kamar rabin milimita. P0441 tana nuna cewa tururin ba ya tafiya injin yadda ya kamata, P0446 kuma tana nuni ga ɓangaren da gwangwanin ke shaƙar iska. Dubi P0455 da P0456. Lamba ɗaya ce ta raba su, ta ƙarshe. Wanda ya ce "wani abu ne mai huɗu da biyar" bai taimaki bakanike da komai ba.

Gwada yanzu. Rufe littafin, ka sa wani ya karanta maka P0446 ka rubuta. Buɗe ka gwada da na nan. Idan ka kuskure, sake. Na ga dattijo mai jikoki ya yi sau bakwai kafin ya samu, yau shi ke duba wa abokan zamansa. Kai ma za ka iya.

Amma zan faɗi gaskiya, akwai waɗanda na yi wa wannan bayani sau uku, suka dawo mini hannu rabbana suna cewa, "Malam, ai an goge, ta mutu." Gogewa ba gyara ba ce. Cire kan batir ma ba gyara ba ne. Ka biya kuɗi an rufe wa motar baki ne kawai, da ta sake gwajinta ta ga yoyon yana nan, wutar za ta dawo. Kuma muddin tana kunne saboda wannan ƙaramin abu, ran da babbar matsala ta zo ba za ka gane ba, domin fitilar guda ɗaya ce. Don Allah, rubuta kafin a goge. Harafi ɗaya, lambobi huɗu, daga hagu.

Darasi na 3: Murfin tanki

Kashe injin. Ba sigari, ba ashana, ba kusa da mai gasa masara ba.

Buɗe murfin tanki ka juya shi. Akwai zoben roba a ciki. Taɓa shi da yatsa. Ya kamata ya yi laushi. A motar da ta haura shekara 20, ga zafin rana ga sanyin Jos na hunturu, robar kan bushe ta tsage. Idan ka ga tsaga ko ta yi tauri kamar busasshiyar fata, murfin ya gama aiki. Goge bakin tankin da tsumma mai tsabta, ka duba ko tsatsa ta ci shi.

Mayar da murfin, ka murɗa har ka ji ya yi ƙas. Wasu murafan sau ɗaya suke yi, wasu sau da yawa. A gidan mai, sauko da kanka ka rufe, mai zuba mai sauri yake yi. Masu cusa leda ko tsumma a maimakon murfi, ku daina, wannan ganganci ne da rai.

Idan za ka sayi wani murfin a Dilimi, wajen masu sayar da kayan gyaran mota a Jos, tafi da tsohon a hannu da sunan motarka da shekararta a rubuce. Murfin da ya shiga ba lallai ne ya toshe iska ba.

Bayan ka canza, ba motar kwanaki. Ba ta yin gwajin nan sai man da ke tanki yana tsaka-tsaki, a motoci da yawa tsakanin kashi 15 da 85 cikin ɗari. Mai yawo da allura a kan ja kullum zai daɗe bai san ko gyaran ya yi ba. Idan wutar ta dawo, ka san abin yi: biro, littafi, rubuta kafin a goge, ka gwada da lambar farko.

Darasi na 4: Cika tanki

Idan famfon gidan mai ya katse da kansa, tanki ya cika. Tsaya nan. Na san lokacin wahalar mai ya koya mana girgiza mota a ƙara ɗura har baki. Wannan rarar tana gangarawa cikin gwangwanin gawayi, shi kuwa tururi aka yi shi ya riƙe, ruwan mai lalata shi yake yi. Gwangwanin ya fi murfi tsada nesa ba kusa ba.

Darasi na 5: Tiyo da bawul

Buɗe bonet. Bi siraran tiyoyin roba da ido da hannu, ka nemi wanda ya tsage ko ya zame. Akwai ƙaramin bawul mai waya kusa da injin, shi ke sakin tururi. A sa bakanike ya cire shi ya gwada. In babu wuta a jikinsa, bai kamata iska ta wuce ba. Idan motarka na wahalar tashi da zarar an sha mai, shi za a fara zargi.

Akwai bawul na biyu a baya, wajen gwangwani. Ƙurar hunturu kan toshe shi. Alamarsa, famfo ya yi ta katsewa alhali tanki bai cika ba.

Darasi na 6: Gwajin hayaƙi

Idan duk an duba ba a gani ba, nemi garejin da ke da na'urar hura hayaƙi. Inda hayaƙin ya fito, nan ne yoyon. Kada kowa ya gwada da hayaƙin sigari. Tafi da littafinka, ka nuna musu lambobin da kwanakinsu.