Yadda ake busar da abinci, tayar da kwaɓi da haɗa yogot a obin da ƙaramin zafi

Yawancin masu obin ba su san aikinsa ba sai daga digiri 180 zuwa sama, wurin kek da burodi da gashin kaza. Alhali akwai wani aikin da yake yi can ƙasa, tsakanin digiri 30 da 120 a ma'aunin Salsiyos: busar da tumatir da 'ya'yan itace, tayar da kwaɓi, haɗa yogot, da riƙe ɗumin abinci kafin a ci. Masu koyon da na gani suna gwada waɗannan ayyuka kusan duk a wuri ɗaya suke faɗuwa. Sukan murɗa makunni zuwa lambar da aka faɗa musu, su rufe ƙofa, su tafi abinsu. Da sun dawo sai su tarar tumatir ya dahu maimakon ya bushe, ko madara tana nan tsululu ba ta kama ba. Daga nan sai a ɗora wa yis laifi, ko a ce madarar ce ba ta da kyau. Laifin yana ga yarda da lambar da ke jikin makunni.

Mataki na farko: ki auna obin ɗinki tun babu komai a ciki

Obin ba ya tsayawa cak a kan zafi ɗaya. Akwai wata 'yar na'ura a cikinsa da take kunna wuta idan zafi ya sauka, ta kashe idan ya hau. Saboda haka zafin hawa da sauka yake yi a kewayen lambar da kika zaɓa. Idan kina gashi a 200, bambancin digiri 10 ko 15 ba zai ɓata miki komai ba. Amma idan abin da kike nema 43 ne, wannan bambancin shi kaɗai ya isa ya kashe ƙwayoyin da ke haɗa yogot. Ga kuma wata matsalar: ba kowane obin ne yake sauka ƙasa sosai ba. Da yawa daga cikin na lantarki suna farawa ne daga wajen 50. Waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka galibi mafi ƙanƙantar lambarsu 170 ce a ma'aunin Faranhait, wato kusan 77 a Salsiyos. Na gas mai alamun lamba kuwa, alamar kwata da ke can ƙasa tana kai wajen 110.

Don haka kada ki fara komai sai kin mallaki ma'aunin zafi. A wurina wannan doka ce. Ba wani kuɗi mai yawa ne da shi ba, kuma asarar tire ɗaya na nama ta fi kuɗinsa. Wanda ake ratayawa a cikin obin yana da amfani wurin busarwa, sai dai yawancinsu lambarsu daga 50 take farawa, ba za su gaya miki komai game da kwaɓi da yogot ba. Na fi son mai tsinke da doguwar waya, wanda tsinken ke ciki, allon lambar yana waje, ba sai kin buɗe ƙofa ba.

Ki ajiye ma'aunin a ragar tsakiya, kada ya taɓa ƙarfe. Ki kunna obin a mafi ƙanƙantar lambarsa, ki ba shi rabin awa ya daidaita, domin tashin farko shi ne ya fi zarce iyaka. Bayan nan ki riƙa duba shi duk bayan minti 10 har awa guda, kina rubutawa. Abin da kike nema lamba biyu ne: inda ya fi hawa da inda ya fi sauka. Sai ki sake gwajin da ƙofa a ɗan buɗe, ki soka cokalin katako a bakinta. Na uku kuma ki kashe wutar gaba ɗaya, ki bari ya huce, ki kunna ƙwan fitilar ciki kawai, ki sa kofin ruwa mai ɗumi, ki auna ruwan bayan awa biyu. Ruwan ya fi iska faɗa miki gaskiyar abin da madara ko kwaɓi za su ji. Ki rubuta sakamakon nan uku a takarda ki manna a cikin ƙofar kabad. Mutane suna ganin wannan ɓata lokaci ne, suna ɗokin su ga abinci a tire. To, sauri ya haifi nawa. Yini ɗaya za ki yi wannan gwajin, amfaninsa kuma har ranar da kika sauya obin.

Ki lura kuma da wuraren da suka fi zafi. Bayan obin da kusa da wutar ƙasa sun fi gaba zafi, shi ya sa duk abin da zai daɗe a ciki sai an riƙa juya tire.

Mataki na biyu: busarwa

A nan zan daɗe, domin a nan aka fi yin asara. Busarwa abu biyu take buƙata tare, ɗumi da hanyar fitar laima. Zafin da ake so ga 'ya'yan itace da kayan lambu wajen digiri 60 ne. Idan ya zarce sosai, bayan abin zai bushe ya yi tauri tun cikin bai saki ruwansa ba, sai ruwan ya kulle a ciki. Za ki taɓa ki ji ƙarau, ki zuba a kwalba da murna, bayan kwanaki ki ga fumfuna ta fito. Wannan shi ne abin da ke faruwa da mai ƙara wuta don ta gama da wuri.

Ƙofa kuma dole ta kasance a buɗe kamar santimita 5 zuwa 10. Obin an gina shi ne don ya riƙe zafi da tururi, idan kika rufe shi ruf, ruwan da ya fito daga tumatir yana nan yana yawo a ciki, turara shi kawai kike yi. In obin ɗinki yana da fanka, ki kunna ta, ita ce ta fi komai saurin kwashe laima. In babu, ki ajiye ƙaramar fanka a gefen ƙofar tana kaɗa iska a bakinta. Ki kula da yara da dabbobin gida muddin ƙofar tana buɗe. Mai obin na gas kuwa, shawarata ita ce ta guji dogon busarwa da ƙofa a buɗe. Gas idan yana ci yana fitar da tururin ruwa, wanda shi ne ake ƙoƙarin kora, kuma yana iya sakin iskar nan mai guba da ba ta da wari ko launi, kabon monoksayid. Idan ya zama dole, tagogi a buɗe, kuma ba a kwana a bar shi.

Yanka ya zama bai ɗaya, kaurin milimita 5 ko 6. Idan wani ya yi kauri wani siriri, kafin mai kaurin ya bushe siririn ya ƙone. Tuffa da ayaba ki tsoma su a ruwan da aka matsa lemon tsami na 'yan mintuna don kada su yi baƙi. Karas da koren wake ki ɗan tsoma su a tafasasshen ruwa na minti 3 ko 4, ki tsame ki sa a ruwan sanyi, ki tsane. Masu tsallake wannan suna samun kayan lambu da launinsa ya dushe, ɗanɗanonsa ya gudu tun ba a je ko'ina ba. Tumatir ki raba biyu, ki cire 'ya'yan da ruwan cikin, ki jera fuskar yankan tana kallon sama.

A kan raga ake jerawa, ba a kan tire mai shafaffen gindi ba, don iska ta ratsa ta ƙasa. Ki sa tire a can ƙasa ya tare abin da zai ɗiga. Kada wani yanki ya hau kan wani. Tun da wutar za ta yi awanni tana ci, ki cika ragogin duka a tashi ɗaya, kunna obin yini guda saboda tuffa biyu asarar lantarki ce. Ki dai bar tazara tsakanin raga da raga. Duk bayan awa ɗaya ko biyu ki sauya musu wuri, ta sama ta koma ƙasa, gaba ya koma baya.

Tuffa kan ɗauki awa 6 zuwa 12, tumatir daga awa 10 zuwa sama, kuma obin ya fi na'urar busarwa ta musamman nawa, wani lokaci har ninki biyu. Kada ki dogara da agogo. Ki ɗauki yanki ɗaya ki bari ya huce tukuna, domin mai ɗumi kullum ya fi laushi, zai ruɗe ki. Ki yaga shi ki matsa: in kin ga ɗigon ruwa, da saura. 'Ya'yan itace su yi kamar fata, su lanƙwasu ba tare da sun manne da juna ba. Kayan lambu kuwa su karye ƙas.

Akwai hanyar gaggawa ta tumatir, a digiri 100 zuwa 120 na 'yan awanni. Yana da daɗi ƙwarai, amma rabin bushewa ne, wurinsa firji, a cinye cikin 'yan kwanaki. Kada kuma a zuba shi cikin mai da tafarnuwa a ajiye a kabad, domin cikin mai babu iska, kuma irin wurin ne ƙwayar cutar botulizim, mai sa guba a abinci, take yaɗuwa.

Ganyen ƙamshi irin su na'ana'a ba sa son 60 ma. Ƙamshinsu a cikin wani mai yake da ke tashi da zafi. Ki shimfiɗa su, ki kashe wuta, ki bar ƙwan fitila ya kwana a kunne.

Bayan an gama, 'ya'yan itacen ki zuba su a kwalba kada ta cika, ki rufe, ki riƙa girgizawa kullum har kwana 7 zuwa 10. In kin ga raɓa a jikin kwalbar, su koma obin.

Nama daban yake

Mai busar da nama dole ta fi kowa taka tsantsan. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa, kuma zafin busarwa yana bakin wannan iyakar ne. Bugu da ƙari, ƙwayar cuta idan ta fara bushewa takan fi jure zafi. Shi ya sa hukumar aikin gona ta Amurka take ba da shawarar a fara kai cikin naman zuwa digiri 71, na kaza 74, kafin a soma busarwa, sannan a ci gaba a 55 zuwa 60. Ki zaɓi tsoka zalla, ki yanke kitse tas, domin kitse ba ya bushewa, lalacewa yake yi ya ɓata sauran. Ki ɗan sa naman a firiza ya fara ƙanƙara, zai fi yankuwa siriri, kada kaurin ya wuce milimita 6. Ya yi idan kin lanƙwasa shi ya tsattsage amma bai karye ba.

Mataki na uku: kwaɓi da yogot, obin a kashe

Waɗannan biyun ba a kunna musu wuta ko kaɗan, sai dai in obin ɗinki yana da maɓallin tayar da kwaɓi, shi ma bayan kin auna shi. Yis ya fi jin daɗin aiki tsakanin 24 da 28, yana kuma mutuwa idan zafi ya doshi 60. Ki rufe kwanon kwaɓin, ki sa a ragar tsakiya, ki ajiye kwanon ruwan zafi a ƙasa, ki rufe ƙofa. Ruwan zai ba da ɗumi, tururinsa ya hana saman kwaɓin bushewa. Wasu ƙwayayen fitilar suna kai cikin obin sama da 30, takardarki za ta gaya miki. Ni ban yarda da kwaɓin da ya tashi cikin gaggawa ba, burodinsa ba ya da ɗanɗano. In kuma akwai bota mai yawa a ciki, ɗumin da ya haura 30 zai fara narkar da ita ta tsiyaye.

Yogot kuwa, ki ɗora madara ta kai 82 zuwa 85, ki sauke ta huce zuwa 43 ko 45, sannan ki zuba cokali biyu na yogot mai rai, wato wanda ƙwayoyinsa ba su mutu ba, a kowace lita, ki juya a hankali. Zubawa tun madarar tana da zafi shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma yatsa ba ma'auni ba ne. Ki zuba a kwalabe, ki nannaɗe da tawul, ki sa a obin da fitila a kunne na awa 6 zuwa 10. Kada a motsa shi, kada a riƙa buɗewa ana leƙe. Gwargwadon daɗewarsa, gwargwadon tsaminsa. Da ya kama, sai firji. Ki manna takarda a kan makunnin obin cewa akwai abu a ciki, don kada wani ya zo ya kunna da niyyar gashi.

Riƙe ɗumin abinci da gashi a hankali

Dafaffen abinci da ke jiran masu ci, ki sa obin a 80 zuwa 90, ki rufe mai romo, ki bar soyayye a buɗe a kan raga. Abin lura shi ne cikin abincin kada ya sauka ƙasa da 60, kuma bayan awa ɗaya ko biyu zai fara bushewa. Wannan zafin na riƙe abin da yake da zafi ne, ba na ɗumama wanda ya fito daga firji ba.

Babban yankin naman sa mai jijiya yana yin laushi sosai a 120 cikin tukunya mai murfi da ɗan ruwa, awa 4 zuwa 6, har cokali mai yatsu ya shige ba tirjiya. Cikakkiyar kaza kuwa ba ta cikin wannan lissafin, musamman wadda aka cusa wa wani abu a ciki, domin tsakiyarta tana daɗewa kafin ta yi zafi. Ita a gasa ta daga 165 zuwa sama, a soka ma'auni a mafi kaurin cinyarta ba tare da ya taɓa ƙashi ba, sai ya nuna 74 a sauke.