Yadda Ake Gane Salon Murnau a Fina-finai Marasa Sauti

Duk mai son ya fahimci yadda darakta ke ba da labari ba tare da murya ba, ya kamata ya zauna da aikin F. W. Murnau, Bajamushen da aka haifa a 1888, ya kuma rasu sakamakon haɗarin mota a Kaliforniya a 1931.

Da farko a nemi kwafin da masana suka gyara. Yawancin fina-finan wancan zamani an ɗauke su ne da saurin da bai kai hoto 24 a daƙiƙa ba, kuma idan aka haska su da saurin fina-finai masu sauti, sai 'yan wasa su riƙa zabura kamar masu barkwanci, nauyin labarin ya zube.

Sai a kalli Der letzte Mann na 1924 har sau biyu. A kallo na farko a bi labarin kawai: Emil Jannings ya fito a matsayin tsohon mai tsaron ƙofar wani babban otal, wanda duk mutuncinsa a unguwa ya rataya a kan rigarsa ta aiki, sai aka karɓe rigar aka mai da shi mai kula da banɗaki. A kallo na biyu a ɗauke ido daga fuskoki, a zuba shi a kan kyamara. Tun a buɗewar fim ɗin tana saukowa cikin lif, ta ratsa zauren otal har bakin ƙofa, kuma a lokacin da tsohon ya bugu, ɗakin ne ke juyawa a idon mai kallo. Karl Freund ne ya riƙe kyamarar, kuma a ganina rashin adalci ne a yabi Murnau a manta da shi. A ƙirga allunan bayani kuma, wato rubutun da ake haskawa tsakanin hotuna don bayyana magana ko labari: in ban da rubutun wasiƙa da na jarida, guda ɗaya ne kacal, can kusa da ƙarshe. Wannan ne zuciyar salon, wato motsi da haske su faɗi abin da wasu daraktoci ke rubutawa.

Daga nan a kwatanta da Sunrise, wanda ya yi wa kamfanin Fox a Amurka a 1927. A lura da yadda kyamara ke bin manomin da labarin ke kansa cikin fadama da dare zuwa wurin wata matar birni da ta ja hankalinsa. Abin da ya maimaitu duk da sauyin ƙasa da kamfani da 'yan wasa, shi ne hannun darakta.

Game da tasirinsa, a bi sawun waɗanda suka gan shi da idonsu. Daraktan nan Alfred Hitchcock yana matashi ya kalle shi yana aiki a masana'antar fina-finai ta UFA a Jamus, sannan a Four Sons na 1928 ana ganin hazo da hasken Murnau a hannun daraktan fim ɗin, John Ford. Sai dai a yi hattara wajen yanke hukunci, domin da dama daga fina-finansa sun ɓace, har da 4 Devils na 1928.