Yadda Ake Gano Inda Hoto Yake Aiki Kafin a Goge Shi

Duk mai shagon tsara katunan biki, kalanda ko mujallar yaye ɗalibai a Kano, daga Sabon Gari zuwa shagunan da ke kewaye da Jami'ar Bayero, ya san ranar da kwamfuta take cika maƙil da hotuna har ta fara jan ƙafa. A irin wannan rana ce hannu yake saurin kai wa ga gogewa, sai bayan wata guda kwastoma ya dawo neman ƙarin kwafi ɗari, a buɗe aikin a tarar tambarin makarantarsa ya yi ɓatan dabo.

Abu na farko shi ne ka san yadda hoton ya shiga takardar, domin hanya biyu ce. Wani hoton ana cusa shi ne gaba ɗaya cikin fayil, wani kuma fayil ɗin adireshinsa kawai yake riƙewa, hoton yana can a foldarsa. Microsoft Word yakan cusa hoto ne idan ba ka zaɓi akasin haka ba, saboda haka goge na asali ba ya taɓa takardar. Idan kana son tabbatarwa, kwafi fayil ɗin, ka canza ƙarshen sunan kwafin daga .docx zuwa .zip, ka buɗe foldar word sannan media, za ka ga hotunan a jere, sai dai an sake musu suna zuwa image1, image2 da sauransu, don haka da ido za ka gane su.

InDesign, wato manhajar tsara shafukan da za a buga, shi ne mai wuyar sha'ani, domin shi adireshi yake riƙewa. Buɗe kowane aiki da kake zargi, ka duba tagar Links, inda za ka ga sunan kowane hoto, shafin da yake, da foldar da ake ɗauko shi. Inda mutane suke ruɗuwa shi ne, ko an goge na asali, hoton zai ci gaba da bayyana a allo, amma inuwarsa ce kawai, kuma idan aka buga sai fuskar amarya ta fito dishi-dishi. Jar alamar tambaya a gefen sunan hoto ita ce shaidar cewa an rasa shi.

Idan ayyukan sun yi yawa, kada ka goge komai tukuna. Buɗe sabuwar folda mai ɗauke da kwanan watan ranar, ka kwashe hotunan da kake ganin ba su da amfani zuwa cikinta, sannan ka riƙa buɗe tsofaffin ayyuka ɗaya bayan ɗaya. Duk aikin da ya yi kukan rashin hoto, mayar masa da abinsa, ka rubuta sunan hoton da na aikin a littafi. Ni nakan bar foldar ta shekara, saboda mai kalanda da mai katin Sallah ba sa waiwayowa sai lokacinsu ya zagayo.

A kula kuma da inda ake gogewar. Abin da aka goge daga filasha ba ya biyawa ta kwandon sharar Windows, Google Drive kuwa, wato ma'ajiyar fayil ta intanet, kwana 30 yake ajiye abin da aka jefa a kwandonsa kafin ya share shi.