Kason murya a kasuwa: kurakuran da aka fi yi wajen auna shi

Da wuya manajan talla ya gabatar da rahoto ba a ga wata lamba a ciki ba, wadda ake kira kason murya, a takardun kamfanonin talla kuma ake taƙaita ta da SOV. Lissafinta na asali ba shi da wahala. A tara kuɗin tallan da duk masu sayar da kaya iri ɗaya suka kashe cikin wani lokaci, a duba nawa ne naka a ciki. Idan jimillar miliyan 100 ce, kai ka kashe miliyan 20, kasonka kashi 20 cikin ɗari ke nan. Yau an faɗaɗa abin, ana auna shi da yawan ambaton suna a kafafen sada zumunta da jaridu, ko yawan neman sunan a Google. Sauƙin lissafin ne ke sa mutane su sakankance, alhali yawancin ɓarnar tana faruwa tun kafin a fara rabawa.

Ta wajen jimillar ake fara karkacewa. Su wa ka ƙirga a matsayin abokan hamayya? Mai haɗa rahoto sai ya ɗauko ƙananan kamfanoni uku da ya saba da su, ya bar manya biyu a waje, kason ya haura kashi 40, kowa ya tafa. Bai yi ƙarya a lissafi ba, kasuwar ce ya rage wa girma. Wani kuma ya kwaso har waɗanda masu sayen kayansa ba su taɓa tunaninsu ba, lambar ta fito 'yar mitsitsiya, a shiga damuwa a banza. Mai saye ne ya kamata ya raba wannan gardama: waɗanne sunaye yake jerawa da naka idan ya zo zaɓa? Su za ka rubuta, ka bar jerin yadda yake tsawon shekara. In dole ta sa ka ƙara wani a tsakiya, sake lissafin watannin baya da sabon jerin, don kada a kwatanta abubuwa biyu da ba ma'auni ɗaya aka auna su da shi ba.

Ana kuma mantawa cewa kaso yana motsi ko da kai ba ka motsa ba. Babban abokin hamayya ya dakatar da tallansa wata biyu, naka kason ya tashi, sashen talla ya karɓi yabon da ba aikinsa ba ne. Don haka duk inda aka rubuta kason, a rubuta ainihin adadin a gefensa, naka da na sauran.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne karanta lambar ita kaɗai. Kashi 15 abin murna ne ko abin tsoro? Babu amsa sai an san kason kamfanin a cinikin kasuwar. Mai riƙe da kashi 5 na ciniki da kashi 15 na murya yana shirin girma. Mai riƙe da kashi 30 na ciniki da wannan kashi 15 ɗin, tsohon suna yake ci, kuma sunan yana ƙarewa a hankali. A 1990 masanin talla John Philip Jones ya wallafa bincike a mujallar Harvard Business Review kan kayayyaki sama da 1,000, ya nuna cewa ƙananan sunaye sukan buƙaci muryar da ta zarce kasonsu na ciniki don kawai su tsaya inda suke, manya kuwa suna iya yin ƙasa kaɗan ba su faɗi ba. Daga baya masu binciken talla Les Binet da Peter Field suka zurfafa batun da bayanan ƙungiyar masu talla ta Birtaniya, IPA. Ƙiyasin da ya yaɗu a wannan fanni shi ne, idan muryarka ta zarce kason cinikinka da maki 10 (kamar kashi 15 na murya da kashi 5 na ciniki), za ka iya sa ran ƙarin kusan rabin maki a kasuwa cikin shekara.

A nan ma akwai tarko. Wasu na ɗaukar ƙiyasin tamkar alkawari, su kai wa masu kamfani a ce ga abin da kuɗinsu zai haifar. Matsakaici ne da aka fitar daga kamfanoni da yawa. Talla mai ratsa zuciya takan ninka shi, mara armashi kuwa ta cinye kuɗin ba a ga komai ba. Kuma duba ƙanƙantar lambar: rabin maki, a shekara guda. Wanda ke buɗe rahoton kowane mako yana neman sakamako, hawa da saukar da ba su da ma'ana kawai zai gani. Wata uku-uku ya wadatar, a yanke hukunci a ƙarshen shekara.

Sai batun ɗaukar hayaniya a matsayin farin jini. A watan Satumban 2015, da aka bankaɗo maguɗin da Volkswagen ya yi a gwajin hayaƙin motocinsa na dizal, ko'ina sunansa ake kira. Haka Samsung a 2016 lokacin da batirin Galaxy Note 7 ke kamawa da wuta. A takarda kason muryarsu ya yi sama, amma ba girin-girin ba, ta yi mai. A ware yabo daban, ƙorafi daban. Kada kuma a bar wa manhajar da ke ƙirga ambato aikin ita kaɗai, domin ba ta cika gane gatse da zolaya ba, musamman a harsunan da ba a horar da ita sosai a kansu ba. Mutum ya zauna ya karanta wani ɓangare da idonsa. A nan ne zai tarar da asusun bogi, da masu ambaton suna don neman kyautar gasa, da kalmomin da ba kamfanin ake nufi ba: Apple, Shell da Orange duk kalmomi ne na yau da kullum a Turanci.

Kuɗin talla, yawan ambato da yawan binciken suna a Google ma'aunai uku ne daban, kada a cuɗa su a lamba ɗaya. Na kuɗin ma ya ƙara wuya, tunda Google da Facebook ba sa bayyana abin da abokin hamayyarka ya kashe a tallan kasuwanci, sai dai ƙiyasi. Shi ya sa a 2020 Binet ya gabatar da kason bincike a matsayin madadi mai araha: ka shigar da sunanka da na abokan hamayya a Google Trends, shafin da ke nuna yadda ake neman suna a Google, wanda kyauta ne, bayanansa kuma sun faro daga 2004. Sai dai lambobinsa daga 0 zuwa 100 kwatanci ne tsakanin sunayen da ka shigar, ba adadin mutane ba, kuma sunaye kaɗan kawai yake ɗauka a lokaci guda. Idan abokan hamayyar sun fi abin da yake ɗauka, raba su rukuni-rukuni, ka maimaita suna ɗaya a kowane rukuni don ka daidaita sauran da shi, sannan ka yi aiki da matsakaicin wata 12 domin hauhawar lokacin bukukuwa ko na wata badaƙala kada ta ruɗe ka.