Yadda na gyara kuskuren tikitin jirgin ƙasa

Tunda ba jirgin ƙasa a Sakkwato, in za mu Abuja mota muke bi ta Gusau da Funtuwa mu kwana Kaduna, mu hau jirgi daga can. A tashar Rigasa ta Kaduna na gane tikitina a juye yake: daga tashar Idu ta Abuja zuwa Rigasa na saya. A waya gurabun tashi da sauka suna kusa da juna, hannu ya zame.

Nan take na sayi na yamma, kafin kujeru su ƙare. Ka tabbata sunanka a tikiti ya dace da na katin NIN, ana dubawa.

Awannin tsakani na kai su Arewa House, gidan da aka kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966. Basakkwace bai kamata ya wuce shi ba. Sai sallar azahar a Masallacin Sultan Bello.

Ka kamo hanyar tasha saura awa biyu, cunkoson Rigasa yana cin lokaci.