Yadda Ake Gwada Ka'idar Iyaka ta Tsakiya da Ƙwayar Ludo

Ɗalibin da ya fara karatun ƙididdiga yakan rikita abubuwa biyu, wato yadda alƙaluma suke rarrabuwa ɗaya bayan ɗaya, da yadda matsakaitan samfura suke rarrabuwa. Ƙwayar ludo da takarda sun isa a bambanta su.

Da farko ka jefa ƙwayar sau 100 kana rubuta abin da ya fito, sannan ka zana ginshiƙi ga kowace lamba. Tunda damar fitowar fuskokin shida ɗaya ce, ginshiƙan za su kusanci juna a tsayi. A lissafi, matsakaicin ƙwayar 3.5 ne, ma'aunin warwatsuwarta kuwa, wato gwajin yadda lambobin ke nisa da matsakaicin, kusan 1.71.

Daga nan ka jefa sau huɗu, ka haɗa, ka raba da huɗu, ka rubuta matsakaicin kaɗai. Wannan shi ne samfur ɗaya. Maimaita har ka tara matsakaita 100, kuma idan a aji ne, gara a raba aikin tsakanin ɗalibai. Sabon zanen zai yi tudu a kan 3.5, ya sirance a gefe biyu kamar ƙararrawa. Dalilin a fili yake: cikin hanyoyi 1,296 da jifa huɗu za su iya fitowa, hanya ɗaya tak ke ba da matsakaicin 6, alhali hanyoyi 146 ke ba da 3.5. Wannan ita ce Ka'idar Iyaka ta Tsakiya, wadda Abraham de Moivre ya gano a 1733 game da jifan kwabo, Laplace kuma ya faɗaɗa ta a 1810.

Domin sanin faɗin tudun, raba 1.71 da saiwar murabba'in girman samfur (misali, saiwar 4 ita ce 2, ta 25 kuwa 5). Jifa huɗu na ba da kusan 0.85, jifa 25 kuwa 0.34. Wato mai son rage kuskure (faɗin tudun) da rabi sai ya ninka samfurinsa sau huɗu, abin da masu tsara bincike kan manta idan ana kasafin kuɗi.

A kula cewa ka'idar ba ta ce alƙaluman asali za su koma siffar ƙararrawa ba. Matsakaitan ne ke komawa. Sharaɗi ne a zaɓi samfur bisa ƙuri'a, kuma kada wani zaɓi ya shafi wani. Lambar 30 da littattafai ke yawan ambata a matsayin isasshen samfur al'ada ce kawai, domin alƙaluman da suka karkata gefe guda sosai, irin su kuɗin shiga na gidaje, kan buƙaci samfur da ya fi haka girma nesa ba kusa ba.